Karatun Ƙarƙashin Ganye: Abin da Ƙwaro Mai Wari Ya Koya Mini a Rai Buba

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na Garwa da kewayenta. Da na ajiye aiki a 2016, sai na yi abin da tsofaffin ma'aikata suka saba: na ce zan koma gona, ni da rabona da fartanya tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Dangin mahaifiyata suna Rai Buba, garin da Buba Njidda ya kafa a 1804, mai katangar fadar nan da sai hularka ta nemi faɗuwa kafin idonka ya kai ƙarshenta. A can ƙasa ta Baba ce, wato Lamiɗo, ba a cinikinta kamar buhun gishiri. Ta hannun jauro aka ba ni aron kar huɗu, hekta guda ke nan a lissafin manoman auduga, ba nisa da kogin Mayo Rai. Kar uku na zuba waken suya, kar ɗaya waken gida, da 'yan kunyoyin kuɓewa saboda miya.

Kafin in tafi an tsoratar da ni da ambaliya, da shanun makiyaya, har da giwayen dajin Buba Njidda. Duk babu wanda ya taɓa mini ko kara ɗaya. Wanda ya kayar da ni a daminar 2017 wani ƙwaro ne kore shar, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, bayansa kamar garkuwar da dakarun fada ke riƙewa ranar hawa. Masu Faransanci na ce masa punez, sunan da suke kiran kuɗin cizo da shi, kuma ba su yi ƙarya ba, dangi ne. A littattafan masana sunansa Nezara viridula. Yaran gidanmu ba su wahalar da kansu ba, mai wari suke ce masa.

1. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Cikin Satumba, bayan na dawo daga Garwa inda na yi babbar salla, na tarar da wasu 'yan ƙwari a kan waken suya. Ƙanana ne, zagayayyu, baƙaƙe, bayansu da ɗige-ɗigen fari da rawaya da ja, sun yi cincirindo a kan kwanso kamar almajirai a bakin akushi. Maƙwabcin gonata, wani dattijo da nake kira Baffa, ya leƙo ya ce da Fillanci, "Modibbo, baƙi sun sauka." Wannan Modibbo, wato malam, da yake kirana, sai daga baya na gane da ɗan gishirin zolaya a ciki. Na yi murmushi irin namu na malamai, na ce ya kwantar da hankalinsa, waɗannan abokan manomi ne. Ai na san su a littafi, su ne masu ɗige-ɗigen nan da Faransawa ke kira kwaksinel, masu cinye darɓa. Har tsinke na ɗauka na yi masa zane a ƙasa. Ya tsaya har na dasa aya, ya ce, "To, Modibbo," ya koma bakin aikinsa. Abin da ya ɗaure mini kai kuwa shi ne wani zane da na yi a allo ya fi sau ɗari: ƙwai, kibiya, tsutsa, kibiya, kwanciya cikin ƙunshi, kibiya, malam-buɗe-littafi. Na koyar da shi har na ɗauka duk ƙwaron duniya ta wannan hanya yake bi. Don haka da na ga manyan korayen jefi-jefi, sai na shiga neman tsutsarsu, da ban gan ta ba na ce ba su fara haihuwa ba. Ashe mai wari ba ya tsutsa. Ɗan da ya fito daga ƙwai da ƙafafunsa shida yake fitowa, da baki irin na uwarsa, fiffike kawai ya rasa. Sau biyar yake saɓa kamar maciji, kowace saɓa da irin rigar da yake sakewa: da fari ja-ja, sai baƙi mai ɗige, a ta huɗu da ta biyar kore ya fara rinjaya, tushen fiffike ya ɓullo, daga nan sai babba. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa babba bai fi kwana 35 ba. Sati uku na yi ina gadin ɓarayina, har ina yi wa yara tsawa kada su taɓa su. Da na kifar da guda ɗaya a tafin hannuna tun ranar farko, da na ga allurar da ke kwance tsakanin ƙafafunsa, wadda kwaksinel ba shi da ita. Ban kifar ba, saboda wanda ya riga ya sani ba ya dubawa. Wata safiya na ci karo da wani yana zare jiki daga tsohuwar rigarsa, shi kore fayau, rigar mai ɗige tana maƙale da kwanso a gefensa. Na waiga in ga ko Baffa na kallona. Yana kallona.

2. Gona daga ƙasan ganye ake karanta ta.

Yadda nake duba gona a lokacin, yadda sufeto ke duba makaranta ne: hannu a baya, tafiya a bakin iyaka, gyaɗa kai. Jikar Baffa ce, yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba, ta tsuguna wata rana ta juya ganye ɗaya ta ce, "Baba Modibbo, ga gidansu." Na sa tabarau na duƙa. Ƙwai ne a jere, manne da juna, layi bayan layi kamar saƙar zuma, kowanne kamar 'yar ganga mai murfi, girmansa bai fi ƙwayar gero ba. Na ƙirga, halin malami, 84. Uwar takan zuba daga 30 har zuwa 130 a zama ɗaya, kuma ba zama ɗaya take yi ba a rayuwarta. Sabon ƙwai launin man shanu ne, in ya kusa ƙyanƙyashewa sai ya koma ruwan goro, duka-duka kwana biyar ne a lokacin zafi. Na ɗauki hoto na aika wa ɗan ƙanwata da ke karatun halittu a Jami'ar Ngaundare, bayan na hau wani tudu ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Shi ya faɗa mini abin da har yau nake juyawa a raina. Ya ce, "Kawu, in sun fito ba sa cin komai tukuna. Kwana biyu ko uku suke yi a dunƙule kan ɓawon ƙwan." Uwar, lokacin da take zuba ƙwan, takan shafa masa wasu ƙwayoyin halitta daga cikinta, waɗanda ido ba ya gani, jariran su tsotse su daga jikin ɓawon, su zauna a hanjinsu suna taimaka musu da abinci har ƙarshen rayuwa. Guzurin uwa ke nan, ba ta tsaya reno ba amma ba ta tafi haka nan ba. Ga manomi kuwa ma'anar a fili take. Tsakanin ranar da aka zuba ƙwai da ranar da jarirai suka watse akwai kusan mako guda da zuri'a sukutum ke zaune a kan ganye ɗaya, yaro ma zai iya tsinke shi ya sa a aljihu. In makon ya wuce, baki tamanin ne za ka bi ɗaya-ɗaya. In faɗi gaskiya, ba rashin sani kaɗai ya hana ni juya ganye ba. Tsuguno ne ba ya shiri da babbar riga, da tumbi, da gwiwar da ta shekara talatin tana hutawa a ƙarƙashin tebur.

3. Ba kowane kore ne lafiya ba.

Nan ne abin ya fi ciwo, don nan na yi alfahari. Da Oktoba ta yi nisa, waken suyan maƙwabta ya yi rawaya, ganye ya zube, kwanso ya bushe yana ƙara in iska ta kaɗa. Nawa kuwa kore shar kamar tsakiyar Agusta. Duk wanda ya zo wucewa sai in tsayar da shi in nuna masa, ina cewa albarkar taki ce da shuka a layi. Kallon kitse nake yi wa rogo. Mai wari ba ya cin ganye, shi ya sa ba ya barin shaida irin ta fara ko ta tsutsa. Bakinsa allura ce siririya mai hanya biyu, yana naɗe ta a ƙirji in ba ya aiki da ita. In ya sami kwanso sai ya soka ta har cikin ƙwaya, ta hanya ɗaya ya tura miyau mai narkar da abin da ke ciki, ta ɗayar ya zuƙe. Ya zare, ya matsa gaba. Abin da zai bari a waje ɗan ɗigo ne da sai mai neman sa zai gani. In ƙwayar ƙarama ce sai ta mutu, kwanson ya faɗi ko ya zauna fanko. In ta fara ƙosawa sai ta yamutse kamar fuskar tsohuwa, ta yi tabo, wani lokaci ruɓa ta bi ta ƙofar da allurar ta buɗe. Shi kuma waken suya yana da wata ɗabi'a: ƙarfin ganye da kara duk cikin ƙwaya yake juyewa, shi ya sa mai lafiya ke yin rawaya ya bushe. In ƙwayar ta lalace, babu inda ƙarfin zai tafi, sai shukar ta zauna kore tana jiran 'ya'yan da ba za su zo ba. Korena na takaba ne, ni kuwa ina ta kiran mutane kallo. Baffa ne ya gaji da ni, ya tsinko kwanso ya matsa tsakanin yatsu biyu, ya yi laƙwas, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Da idona ya buɗe sai na fara ganin aikin allurar ko'ina. Waken gida ya shanye tun yana ɗanye. Kuɓewa ta lanƙwashe ta yi ƙuraje. Tumatirin da ke bayan gida, in ka ɓare fatar, sai ka ga fari-farin tabo mai tauri a ƙarƙashi. A gonar auduga ma yakan soki ƙwallon tun bai fashe ba don ya kai ga gurya, audugar ta fito da datti. Ba shi da zaɓe sosai, amma ya fi son duk abin da ke cikin ɗaukar 'ya'ya, musamman dangin wake. Buhu goma na lissafa wa kaina a kar ukun nan, har na raba kuɗin a takarda. Uku na ɗaure. Mai saye ya tsoma hannu ya ɗebo, ya watsa a tafinsa, ya dube ni da tausayi, ya faɗi kuɗin da ban taɓa gaya wa uwargida daidai ba.

4. Wanda ya shuka a ƙarshe shi ke saukar da baƙin kowa.

Na daɗe ina tambayar abin da na yi wa ƙwarin nan da suka tsallake gonaki suka zaɓi tawa. Har zargi na yi a zuci, Allah ya yafe mini, na ce ko baƙon gari ne aka yi wa ture. Amsar tana cikin kalandata. A ƙasar Rai ruwa kan sauka tun Mayu, mutane su yi shukar waken suya daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Ni kuwa azumin shekarar ya ƙare ne a ƙarshen Yuni, na ce bari in yi salla a Garwa. Bayan salla na ce bari in yi sittu shawwal. Sai bikin 'yar aminina, sai wata takarda da ban gama bi ba, sai hanya, wadda duk mai bin ta daga mararrabar Gijiba zuwa Colire da damina ya san ba a yi mata gaggawa. Ban sa iri a ƙasa ba sai da Yuli ta kusa fita. Babban mai wari yana da fiffike kuma yana tashi da kyau. Ba shi da gida ɗaya, lokaci yake bi. Da farkon damina yana cikin ciyayi da 'yan waken daji a bakin gona da bakin rafi, yana haihuwa kaɗan-kaɗan ba wanda ya kula. Duk abin da ya fara ɗaukar 'ya'ya sai ya koma kansa, in ƙwayar ta yi tauri ya ƙara gaba. Kowane wata da 'yan kwanaki sabuwar zuri'a na tasowa, saboda haka yawansu na ƙarshen damina ba a haɗa shi da na farko. Maƙwabtana sun yi shuka tare, suka raba baƙin tun suna kaɗan, kowa ya ɗauki abin da ba zai karya shi ba. Gonakin auduga kuma, da kamfanin Sodecoton ke kula da nomanta a arewacin Kamaru tun 1974, ana yi musu feshi a kai a kai. Da na kowa ya bushe, gona ɗaya ta rage mai ɗanyen kwanso a duk faɗin wurin, ba feshi, ba mai juya ganye, ga kuma mai ita yana hana yara taɓa ƙwarin. Ko ni ne ƙwaro nan zan sauka.

5. Fushi da hannu, hannu ke shan warinsa.

Ranar da na gane komai, sai na faɗa gonar kamar wanda aka yi wa sata a kasuwa, ina kamawa ina murtsukewa. Babban yana da 'yan ƙofofi biyu a ƙirji, tsakanin ƙafafun tsakiya da na baya, ƙananan kuma nasu a gadon baya yake. Nan ruwan warin ke fitowa in an matsa musu. Kariya ce daga tsuntsu da ƙadangare, kuma gangami ce ga 'yan'uwa: ina kashe ɗaya, goma na sakin jiki suna faɗawa ƙasa cikin ciyawa. Yatsuna suka rine kamar na mai ƙunshi. Na wanke da sabulu, na goga toka, na yi alwala sau biyu, a banza. A masallaci na lura wanda ke damana ya ɗan ja jikinsa. Da dare na kai lomar tuwo baki, hancina ya riga harshena, na ajiye. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, shekara talatin yara na ce maka Mushe da Faransancinsu, sai yau na ji ka yi warinsa."

6. Garin neman gira na rasa ido.

Wanda ya makara da himma yakan wuce gona da iri. Da na koyi juya ganye sai na zama sarkin juyawa, duk ƙwan da na gani sai na murje shi. Cikinsu akwai waɗanda suka yi baƙi ƙirin, ba ruwan goro ba. Na ce lalle waɗannan su ne miyagun, na fi ba su ƙarfi. Na aika wa ɗan ƙanwata hoto ina jiran yabo. Ya kira ni da kansa, abin da ɗalibi ba ya yi sai da dalili, ya ce, "Kawu, don Allah ka bar baƙaƙen." Akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, bai kai ƙwayar riɗi ba, baƙi, ba ya harbin mutum. Macen takan bi ƙwan mai wari ɗaya bayan ɗaya tana soka nata ƙwan a ciki. Ɗanta ya cinye abin da ke cikin gangar, gangar ta yi baƙi, bayan kwana goma da 'yan kai zanzaro ya huda ya fito a maimakon mai wari. Ya ce sunansa Trissolcus basalis, kuma saboda wannan aikin nasa aka ɗauke shi daga Masar aka kai Ostireliya a 1933, lokacin da mai warin ya addabi manoman can. Mutane sun ƙetare teku da shi, ni kuwa Allah ya kawo mini shi har gona kyauta ina murje shi da babban yatsa. Da a nan na tsaya da sauƙi. Ranar kasuwa na sayi wani magani a kwalbar da ba takarda a jikinta, mai sayarwa ya rantse na auduga ne, ba abin da yake bari. Na ari famfo na goya, da tsakar rana, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, na ninka awon da aka gaya mini saboda haushi. Gaskiyarsa, ba abin da ya bari cikin abin da ya taɓa. Washegari ƙasa ta cika da gawar gizo-gizo, da ƙoƙi-ƙoƙi, da kwaksinel na gaskiya, waɗanda a ranar na fara ganinsu ido da ido. Har da wani mai garkuwa ruwan ƙasa mai kaurin baki, wanda kwana biyu kafin nan na gan shi da tsutsa a rataye a allurarsa yana zuƙe ta, don cikin dangin akwai mafarauta da ba ruwansu da wake. Ƙwan da ke ƙasan ganye kuwa maganin bai dame shi ba. Manyan da suka tashi suka dawo, wasu suka ƙaru daga maƙwabta. Bayan kwana goma gonar ta koma yadda take, sai dai yanzu babu mai taya ni. Na kwana biyu da ciwon kai da amai. Uwargida ta hana a tsinko ko ganye ɗaya na waken gida, Baffa ya ce kada in kuskura in ba tumaki harawar. Ba ina cewa feshi haramun ba ne. Wanda ya san maganin da ya saya, da awonsa, da lokacinsa, wato sa'ad da kwanso ke cika kuma ƙananan ba su yi fiffike ba, zai ci riba. Ni fushi na fesa.

7. Kowane ɓarawo da lokacin da barci ke ɗaukarsa.

Dabarar da ta yi aiki ba ta ci mini ko dala ba. Matar Baffa ce ta nuna mini a kunyoyin kuɓewarta. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, jikin mai wari a mace yake, yakan hau saman ganye yana shan hantsi kafin ya iya tashi. Ga shi kuma da ɗabi'ar sakin jiki ya faɗo in an taɓa reshe. Sai ta tara roba da ruwan sabulu a ƙasa, ta ɗan buga karan, su zubo da kansu. Ba murtsuka, ba wari. Ni da nake fitowa gona ƙarfe goma bayan shayi da labaran rediyo, lokacin sun warware sun shige inuwa, dole in ce ba su da yawa. A hekta guda wannan aiki ne na gayya, amma a wake da kuɓewar bayan gida ya isa. Wata safiya muna cikin haka na ce mata ina son shirun gona. Da na maimaita wa ɗan ƙanwata sai ya yi dariya, ya ce namiji da macen mai wari da kaɗa ciki suke kiran juna, girgizar ta bi ta ƙafa ta shiga kara, namijin ya bi ta reshe-reshe, in ya zo mararraba ya tsaya ya saurara kafin ya zaɓi hanya. Kunnen mutum ba ya ji. Ashe gonar da nake yabon shirunta dandali ce, zance ake ta yi a cikinta ni ina tsaye a tsakiya da hannu a baya.

8. Rani ba ya kashe maƙiyi, sauya masa masauki yake yi.

Da aka gama girbi, iskar hunturu ta taso, daji ya bushe aka fara sa masa wuta, ƙwarin suka ɓace ɗif. Na yi hamdala na ce an rabu. Cikin Janairu na je gaida wani ɗan'uwa mai lambu a bakin Mayo Rai, wajen da ƙasa ke riƙe danshi, don tun da aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982 ruwa bai cika nisa da wannan yanki ba. Hannuna da ya riga ya saba ya juya ganyen kuɓewa. Ga su nan a jere, launin man shanu. Wasu manyan kuma suna laɓe a ƙarƙashin ɓawon itace da busasshen ganye suna jiran ruwa. Masana na ganin asalin wannan koren daga wajen Habasha yake, yau kuwa babu ƙasa mai ɗumi da bai shiga ba, daga Barazil har Japan. Wanda ya ci wannan tafiya ba ranin Rai Buba ne zai gama da shi ba. A lambun na tarar da wani tsohon Alhaji, cikin waɗanda suka je Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kafin ya ƙetare. Ya ji ina ba da labarin buhu ukuna, ya ce ban ga komai ba. A Sudan akwai ɗan'uwan wannan, ruwan ƙasa, mai tsotse dawa da riɗi tun ƙwayar tana ruwa-ruwa, suna ce masa andat. In rani ya yi sai su taru a rassan itatuwa dunƙule-dunƙule kamar taron zuma, su yi watanni a haka ba ci, har damina ta dawo. A yammacin ƙasar, in ji shi, mutane kan kakkaɓo su a buhu su soya su ci. A Kurdufan kuma akwai wani baƙi mai lalata kankana, wanda ake tatsar mai a jikinsa a yi girki. Na ɗauka irin labarin matafiya ne, sai ɗan ƙanwata ya tabbatar mini, ya ƙara da cewa a Zimbabuwe ma akwai wani babba da ake kira harurwa, ana fitar masa da warin da ruwan ɗumi, a soya, a kai kasuwa. Ya ja kunnena cewa waɗancan jinsinsu daban, kada in ce zan gwada da nawa.

Da damina ta zagayo na yi shuka rana ɗaya da Baffa, na ajiye babbar riga a Garwa. Ƙwan da na tsinko, masu ruwan goro in jefa a wuta, baƙaƙen in zuba su a gwangwani a gindin bishiya nesa da wake, zanzaron ya fito ya tashi abinsa. Wata safiya na shigo gida da roba cike da korayen suna iyo a ruwan sabulu, na tsaya a ƙofar madafa, labarin Alhaji ya faɗo mini. Na ce, "Kin san a Sudan soya irin waɗannan ake yi?"

Uwargida ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Allah ya kai ka Sudan lafiya, Malam. Amma ba a kaskona ba."